Geron Maraɗi

A gidanmu na Unguwar Shanu ba da ganin gona muke sanin kaka ta yi ba, don ko kunya ɗaya ta noma ba mu da ita a Kaduna. Muna sani ne idan saƙo ya zo daga tashar Kawo cewa motar Maraɗi ta iso. Ƙanen mahaifina, wanda muke kira Baffa, shi ke aiko da kayan duk shekara: buhunan gero, tabarmin kaba a naɗe, dabino, wani lokaci har da takardun rubutu masu kauri irin waɗanda malamai ke so. Uwa ɗaya uba ɗaya suke da Baba. A wani ƙauye arewa da Katsina aka haife su. Baba ya bi karatu ya yo kudu, Baffa ya bi fatauci ya yi arewa, ya zauna a Maraɗi, Allah ya buɗa masa.

Baba malamin allo ne, kuma ni ce 'yarsa mai sunan mahaifiyarsa, saboda haka Uwata yake ce mini. Wannan suna ya ba ni lasisin da yayyena ba su samu ba. Ina faɗa masa magana kai tsaye, ya harare ni, ya yi dariya. Shi ya yarda aka sa ni boko lokacin da maƙwabta ke ganin abin kunya ne ga malami, har na zama malamar firamare a Kawo. Maigidana kuwa ma'aikacin gwamnati ne, Bazazzagi mai sanyin hali, yana aiki a ofishin da ke kula da rajistar ƙungiyoyi. Idan muka je gaida Baba, tun daga ƙofar zaure yake tuɓe takalmi ya tsuguna, kansa a ƙasa. Bai taɓa shan ko ruwa a gabansa ba, balle cin abinci. Haka surukuta take, kuma shi ya riƙe ta da hannu biyu.

Ƙungiyar Baba ta samo asali ne daga makarantarmu ta boko. Da gwamnati ta buɗe karatun firamare kyauta ga kowa, yara suka cika azuzuwa har ba wurin taka ƙafa, sai aka raba su gida biyu, 'yan safe da 'yan rana. Ni ajin rana nake koyarwa. Sai bayan la'asar sosai muke tashi, yara su koma gida a galabaice, lokacin makarantar allo ya wuce. Da idona nake ganin abin, yaro ya kai izu mai yawa, cikin 'yan watanni ya fara tuntuɓe a inda da yake gudu. Baba ya tara malaman Unguwar Shanu da na Unguwar Dosa da na Kawo, ya ce ba faɗa za a yi da boko ba, tunda ga 'yarsa a ciki. Abu ɗaya suke nema, a riƙa sallamar 'yan rana kafin la'asar.

Ranar Alhamis suke taruwa a zaurenmu, da yake ranar hutun makarantun allo ce. A shimfiɗa tabarmin Baffa, Inna ta tuƙa tuwon gero a babbar tukunya, a yi miyar kuka, a dama fura. Daga wannan zaure suke shirya kamun ƙafa: wa zai je wurin kansila, wa ya san surukin wani babban jami'in ilimi, wa zai tsaya da hakimi bayan sallar Juma'a. Ni ke mayar musu da koke zuwa Turanci, a kan takardun da Baffa ya aiko. Baba kuwa ya iya magana. Idan ya fara jero hujja, sai ka ga mutumin da ya zo da niyyar ƙi yana gyaɗa kai bai sani ba. Ƙungiyar nan ita ce abin da ya gina da hannunsa a garin da ba nasa ba, kuma yana alfahari da ita, ko da yake ba zai taɓa faɗa ba.

Shekarar da soja suka ɗage takunkumin siyasa, ƙungiyoyi suka ɓarke a gari, kowace unguwa da tata. Sai gwamnati ta ce duk ƙungiyar da ke karɓar taimako daga ƙasar waje ba ta da baki a harkar mulki. Ba za ta kai koke ba, ba za ta yi kamun ƙafa ba, ba za ta tallata ɗan takara ba. Ni dai na goyi bayan wannan doka, kuma har yau ban canja ba. Na san wata ƙungiya a cikin gari mai ɗakin karatu cike da mujallu masu sheƙi, ana nuna sinima kyauta, ana yi wa samari alkawarin karatu a ƙetare, kuma duk wanda ya fito daga can da ra'ayi iri ɗaya yake fitowa. Ba sai an gaya wa mutum ba, ya san akwai mai tuƙa wannan tuwo daga nesa. Na sha cewa maigidana, idan ma za su rufe irin waɗannan, su rufe da kwaɗo biyu.

Aka kafa kwamiti, ana kiran shugabannin ƙungiyoyi ɗaya bayan ɗaya ana yi musu tambayoyi. Maigidana shi ne magatakarda, aikinsa ya rubuta abin da aka faɗa. Da layi ya zo kan ƙungiyar Baba, ko a jikinmu. Har tsokanar maigidana na yi da safe, na ce yau zan ga yadda zai tsuguna da biro a hannu.

Ban shiga ɗakin ba, amma su biyun kowa ya ba ni labari, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Shugaban kwamitin dattijo ne mai mutunci. Ya gaida Baba da girmamawa, ya ce, “Allah ya gafarta Malam, ƙungiyarku tana samun wani taimako daga ƙasar waje?”

Baba ya ce, “Ko allura. Mu mi ya haɗa mu da Turawa?”

Aka yi murmushi. Shugaban ya ce, “To, da me kuke gudanar da al'amuranku?”

Nan Baba ya gyara zama, don an zo inda yake so, wurin yabon ɗan'uwansa. Ya ce, “Alhamdu lillahi, ina da ƙane a Maraɗi, Allah shi yi mashi albarka. Tuwon da muke ci ran taro geronshi ne. Tabarmar da muke zama tashi ce. Takardar da muke rubuto maku koke, shi ke aiko ta. Ko kuɗin mota in za mu tahi ganin manya, in ya ji labari, sai ya aiko.”

Maigidana ya ce mini biro ya tsaya masa a hannu. Baba kuwa yana ta duban fuskoki yana jiran a ce madalla.

Shugaban ya yi gyaran murya, ya ce, “Malam, Maraɗi ai ba a Nijeriya take ba.”

Baba ya ce, “To, na ce tana Nijeriya? Ƙasar waje kuka tambaye ni.”

Da maigidana ya dawo gida da yamma, bai taɓa abinci ba. Na yi ta dariya da farko, har da riƙe ciki, sai na ga shi ba ya yi. Abin da ya fi damunsa, in ji shi, shi ne shi kansa bai taɓa kawo wa ransa ba. Ya karanta dokar nan ya fi a ƙirga, ya san buhunan nan, ya sha ɗauko su daga Kawo a bayan motarsa. Baffan nan shi ne waliyyina, daga bakinsa aka ba shi aurena. Amma idan aka ce ƙasar waje, Ingila yake hangowa, da Amurka, da Rasha, ƙasashen da ake shiga jirgin sama. Ni ma haka. Duk gidanmu haka. Wanda ya tafi Maraɗi, cewa muke ya je gida.

Kwamitin bai wulaƙanta Baba ba, wannan ina shaida. Sun ce sun san ba irinsa ake nema ba, amma in suka ɗaga masa ƙafa, gobe mai mujallu masu sheƙi zai zo ya ce shi ma ƙanensa ne ke aikowa. Suka yanke cewa ƙungiya za ta ci gaba da kai kokenta idan shugabanta ya rantse ba abin da ke shigo mata daga wajen ƙasa. In ba haka ba, ta koma ƙungiyar zumunta kawai, ta cire bakinta daga maganar makaranta. Ga shi kuma an riga an sa musu ranar ganin kwamishinan ilimi, ranar da suka daɗe suna nema.

Maigidana aka ba wa saƙon ya kai, tunda na gida ne. Ya dube ni, na dube shi. Mutumin da ba ya iya ɗaga kai a gaban Baba, ina zai iya ce masa ya zaɓa tsakanin ƙanensa da ƙungiyarsa? Na ɗauki mayafina na ce ya sauke ni a bakin layi.

Na tarar da Baba a zaure yana feƙe alƙalami. Na gaishe shi, na zayyana masa komai ban rage ba. Sannan na kawo shawarata, wadda nake ganin ba ta da makusa. Na ce, “Baba, abin mai sauƙi ne. A aika wa Baffa ya dakata shekara ɗaya ko biyu, har a gama wannan magana. Gero dai akwai shi a kasuwa. Mu 'ya'yanka za mu saya.”

Bai ɗago ba. Ya ce, “In ce mashi mi, Uwata?”

“A gaya masa gaskiya, doka ce.”

“In ce mashi hukuma ta auna shi ta ga baƙo ne, ni kuma na sa hannu?” Ya ajiye wuƙar. “Kin san gonar da geron nan ke hitowa? Ta ubanmu ce. Da aka ja iyaka, rabi ya hwaɗa nan, rabi ya hwaɗa can. Na nan ya bi ruwa tun tuni. Na can shi ya riƙe, shi ke noma shi, kuma bai taɓa cewa nashi ba ne. Abin da yake aiko mani ba sadaka ba ce. Shina gaya mani ne har yanzu mu biyu ne.”

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce to yaran fa? Na ce shekara nawa yana bin ofis-ofis, yanzu da ƙofa ta buɗe zai tsaya kan buhun gero? Na ce to a raba, kayan Baffa su tsaya a cikin gida, na ƙungiya daban. Ya nuna mini zauren da hannu, ya tambaye ni ta ina zan ja wannan iyakar. Tukunya ɗaya ce, tabarma ɗaya ce, shi kansa da geron yake rayuwa. Ya ce mutane sun ja iyaka a gonar ubansa, ba zai ja wata a tukunyar matarsa ba. Na tashi na shiga wurin Inna ina huci, ita kuwa ta ce in zauna in tsince mata wake, tunda na zo da ƙarfi.

Alhamis ta zagayo, malamai suka taru. Ina cikin gida, amma zauren namu ba ya riƙe magana. Wasu suka ce ya rantse kawai, ai a zuciyarsa Maraɗi ba waje ba ce, kuma Allah zuciya yake dubawa. Baba ya ce ranar farko da ya ce ko allura, gaskiya ya faɗa, don abin da ya sani ke nan. Yanzu kuwa ya san abin da suke nufi, kuma idan mutum ya rantsar da kai, a kan nufinsa ka rantse, ba a kan naka ba. Wani ya ce to a bar maganar kwamishina, a haƙura. Ya ce wannan ma ba za a yi ba, yara ba su yi laifin komai ba.

Sai na ji ya kira sunan mataimakinsa, wani malami na Kawo, mutumin kirki mai ƙarancin magana. Ya ce daga yau shi ne shugaba, taro ya koma zaurensa, a ci abin da Allah ya hore masa. Ya ce shi ya fita daga ƙungiya gaba ɗaya, kada a sa sunansa, kada a karɓi ko ƙwayar dabino daga gidansa, don sabon shugaba ya rantse da zuciya ɗaya. Aka yi ta ba shi baki. Ya ce a kawo tuwo, na yau dai halal ne, ba a riga an rantse ba.

Inna ta tsaya da mara a hannu tana saurare. Ni kuwa fushina ya tafi ban san lokacin ba, wani abu mai nauyi ya maye gurbinsa. Tausayinsa na ji, kuma na ji girmansa ya cika mini ido.

Ranar ganin kwamishina na nemi izini a makaranta, don ni na rubuta koken kuma ina so in ga an shiga da shi. Da na isa ƙofar ma'aikatar, sai ga Baba cikin babbar rigarsa ta sallar Idi, da rawani, tsakiyar malamai. Na zaci ya canja shawara. Ashe rakiya ya yi musu. Tun daga Kawo yake biya wa sabon shugaba hujjoji, wannan ka fara da ita, wannan ka ajiye sai sun musa. Da suka zo bakin ƙofa ya tsaya. Mai gadi ya san shi, ya buɗe masa hanya, ya ce, “Bismilla, Malam.”

Baba ya ce, “A'a, su dai. Ni na waje ne.”

Ya samu inuwar wata bishiyar mangwaro a gefen titi, ya shimfiɗa buzunsa ya zauna, ya ciro carbi. Na zauna nesa kaɗan da shi. Ma'aikata na wucewa suna dubanmu, dattijo da rigar Idi a bakin titi. Ban ji kunya ba ko kaɗan. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, “Allah shi sa kada ya manta hujja ta ukun nan, ita ce mai ƙarhi.”

Bai manta ba. Ba duk abin da suka nema suka samu ba, amma da aka shiga sabon zango sai aka rage lokacin 'yan rana, muna sallamar su ana kiran la'asar. Ni da kaina nake kaɗa ƙararrawa wasu ranaku, in ga yara sun kwasa a guje. Da aka zo yin godiya, malaman Kawo aka ambata. Haka Baba ya so.

Kaka ta yi, saƙo ya zo daga tasha. Baba ya ce wannan karon da shi za a je. Maigidana ya kai mu a mota. Direban motar Maraɗi tsohon sani ne, kuma duk shekara saƙo ɗaya yake komawa da shi, cewa kaya sun iso, malamai sun gode. Baba ya shafa buhunan ɗaya bayan ɗaya, ya ce, “Ka ce mashi sun iso, na gode, Allah shi bar zumunci.”

Direba ya ce, “Malamai fa, Malam?”

Baba ya ce, “Suna lahiya.”

A hanyar dawowa ya gargaɗe mu, ni da maigidana, kada wanda ya kuskura ya gaya wa Baffa abin da ya faru. Ba mu gaya masa ba. Ya ci gaba da aikowa har ƙarshen ransa, da tabarmi masu yawa kamar da, yana zaton zauren yayansa a cike yake duk Alhamis.

Alhamis ɗin da ta biyo bayan zuwan kayan muka je gaisuwa bayan la'asar. Inna ta manta, ko kuma hannunta ne ya ƙi mantawa, ta tuƙa tuwo a babbar tukunya. Baba ya sa an shimfiɗa sababbin tabarmin har bakin ƙofa, yana zaune shi kaɗai a ƙuryar zaure, akushi a gabansa. Maigidana ya tuɓe takalmi ya tsuguna a inda ya saba, ya yi gaisuwa, kansa a ƙasa fiye da kullum. Tun ranar kwamiti yake ganin kamar da bironsa aka kwashe mutanen zauren nan.

Baba ya buɗe akushi, tururi ya tashi. Ya dube shi ya ce, “Kai ba ƙungiya ba ne, ko?”

Maigidana ya ce, “A'a, Baba.”

“Ba ka rantse ma kowa ba?”

“Ban rantse ba, Baba.”

“To matso ka ci geron waje. Ba ni iya cinye shi ni ɗaya.”

Maigidana ya waiwayo ya dube ni, kamar ni ce zan cece shi. Na kau da kai. Ya daɗe a tsugune, sannan ya ja jiki ya hau tabarmar, ya wanke hannu. Ina tsaye a bakin ƙofar cikin gida na ga ya kai hannunsa cikin akushin, Baba kuma ya tura masa miyar gabansa.